Kafin Malam Yakubu Ya Ba Ka Mumbari

Zuwa ga ɗana Tanko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sa gajiyar hanya ta sake ka, ya tsare ka daga zazzaɓin baƙon wuri da ruwan da cikinka bai saba da shi ba. Uwarka tana gaishe ka, yayyenka mata suna gaishe ka. Ka durƙusa ka gaishe mini da Malam Yakubu, faston da aka kai ka wurinsa, ka ce masa na ba shi amanarka har damina biyu, in ya ga kunnenka yana son ja, kada ya jira izinina.

Ba labarin gida zan ba ka ba, gida yana nan yadda ka bar shi. Na kawo wa wata tsohuwa maganin ido a Kalmalo, da na gama sai na kasa komawa Illela, na zauna a bakin tafki da takarda a kan gwiwa. Ruwan ya kwanta luf. Masunta biyu suna can tsakiya a kan gorunansu, ba su motsi, har sai mutum ya rasa ko su ke tafiya ko gajimaren da ke cikin ruwan ne ke tafiya. A irin wannan wuri tsoho yakan manta shekarunsa. Ɗazu na ɗaga kai ina neman jakin mahaifina, jakin da ya mutu tun kafin Turawa su kafa turakun iyaka tsakaninmu da Ƙonni.

Tun kana ƙarami kake tambayata me ya sa Baffanka Mamman, wana uwa ɗaya uba ɗaya, ba ya amsa gaisuwata. Kullum nakan ce maka ka je ka yi wasa. Shekara ashirin da biyu muka yi muna gari ɗaya, kasuwa ɗaya, bai ce mini uffan ba. Ka san ka bar shi kwance, ciwo ya ci jikinsa, kuma a lokacin babu abin da nake tsoro a duniya irin a ɗauke shi zuwa maƙabarta muna a haka. Aikin da ka tafi koya shi ne ya raba mu, don haka ya kamata ka ji. Sai dai ka yi haƙuri da ni, ba zan miƙe hanya ba, sai na biya ta wasu wuraren tukuna.

Ranar da takardarka ta zo cewa za a tura ka ƙauye a ƙasar Zazzau, ka ɓata rai. Ina jin ka kana ce wa uwarka, “Inna, na ƙare makaranta, mi za ni koya wurin tsohon da ko sunanai ba ya iya rubutawa daidai?” Na yi kamar ban ji ba, amma muryata na ji a bakinka.

Ni ba a kai ni wurin kowa ba. Ka san yadda abin ya faru. Na bi ayarin Baba zuwa kudu da kanwa da fatu, kurkunu ya kama ni a ƙafa, aka bar ni a ɗakin shan magani na Turawan mishan, da niyyar a ɗauke ni a dawowa. Ayarin ya dawo ta wata hanya. Na yi shekara bakwai a can, na warke, na koyi boko, na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma, Abdu ya zama Dauda, na auri uwarka. Da suka ji bakina yana da zaƙi, sai wani Bature cikinsu ya zaunar da ni wata uku yana koya mini wa'azi, ya ba ni Littafi da kwalaben maganin ido da takalman zane farare, ya ce in koma garinmu. Wata uku, Tanko. Ko ɗinkin hula ba a koyo a wata uku.

Duk tsawon hanya wa'azi nake yi wa jakina. Na yi wa ƙirya da kalgo, na yi wa balbelu a bakin fadama, ba wanda ya tashi ya bar ni, sai na ɗauka haka mutane ma za su yi. Masu mulki ba su yarda a tsaya a kasuwa a yi wa'azinmu ba, don haka Lahadin farko a rumfar gidanmu muka taru, mu biyar har da ni: malaman kwastan biyu 'yan kudu, da kukun wani Bature, da uwarka. Na fara da hantsi. Na ji muryata tana tashi tana sauka, na ji daɗinta har cikin ƙashina. Kuku ya sulale ya tafi ɗora tukunyar maigidansa. Malaman kwastan suka rufe idanu, na ce a raina maganar ce ta ratsa su, na ƙara ƙaimi. Ban tsaya ba sai da ladan ya kira azahar. Da muka shiga ɗaki ina jiran yabo, uwarka ta ajiye mini ruwa ta ce, “Malam, yau kai ɗai kaƙ ƙoshi.” Na yi kwana biyu ina fushi da ita.

To, in Malam Yakubu ya miƙa maka tsintsiya ya ce ka share majami'a, ka share. In ya ce aikinka buga ƙarfen kiran sujada ne da ɗaukar jakarsa zuwa gidajen marasa lafiya, ka ɗauka. Zai iya yin wata shida bai ce ka buɗe baki a gaban jama'a ba. Kada ka ce raini ne. Ka zauna a baya ka riƙa kallon fuskokin mutane lokacin da yake magana, ka ga inda suke ɗaga kai da inda suke fara sosa ƙafa, ka lura da inda yake tsayawa alhali yana da sauran magana a ciki. Da na sami wanda zai ja mini gefen riga ranar nan, da ban kai azahar ba, da kuma wasu abubuwan ba su faru ba.

Kuskure na biyu a bakin rijiya na yi shi, kusa da Amarawa. Na tarar da wani Bafulatani mai suna Buba yana shayar da dabbobinsa, na sa masa magani a ido, muka zauna a inuwa. Na ce ga dama ta samu, na kawo masa labarin makiyayin nan da tunkiyarsa ɗaya ta ɓace. Ban tsaya inda labarin ya tsaya ba, na ƙara masa gishiri. Na ce makiyayin ya ɗauki sanda, ya bi ta da gudu, ya tsula mata, ya koro ta gida. Buba ya saurare ni har ƙarshe, yana murmushi yana wasa da igiyar guga.

“Malam,” ya ce, “ka taɓa kiwo?”

Na ce a'a.

“Na sani. Bisad da taɓ ɓace ba a bugunta, ta riga ta tsorata. Ka ɗaga sanda, ta ƙara daji. Tsayawa akai daga nesa, a kira ta da muryad da tas sani, a jira. Wani lokaci har rana ta karkata kana tsaye.”

Ya tashi ya yi wani ɗan kira a maƙogwaro, wata saniya ja ta ɗago kai daga cikin garke ta taho wurinsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, amma maimakon in gode masa, sai na tafi ina cewa a raina mutumin daji ne, bai gane zurfin maganar ba. Saboda haka in za ka yi wa manomi maganar shuka, ka fara riƙe masa ƙwarya yana zuba iri. In za ka yi wa mai jego maganar haƙuri, ka fara tambayar uwarka. Mutanen da za su zauna a gabanka sun san rabin abin da ke cikin Littafin da hannuwansu tun kafin ka karanta musu shi. Ka tambaye su, ba zai rage maka komai ba.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa. Iska ta ɗan taso, ruwan ya yi yamutsi, masuntan sun matsa can wajen ciyayi. Hannuna ma ba ya so, amma zan rubuta.

Kakarka, wadda muke kira Inna, ba ka san ta ba. Gajeruwa ce, mai saurin dariya, tana sayar da daddawa, ƙamshinta yana riga ta shiga ɗaki. Da na dawo da sabon suna da sabon addini, dangi suka ware mini akushi, wasu suka daina ba ni hannu. Ita ko gezau. Kullum da rana za ta aiko mini da fura, nonon ya fi na kowa yawa. Wata rana na zauna zan yi mata bayanin abin da na zama, ta ɗaga hannu ta ce, “Abdu, bari. Mi kaz zama, mi ba ka zama ba, ni nas san ranad da nih haihe ka.” Ta ci gaba da tankaɗe.

Inna ta rasu da kaka, ana cikin ɗaurin gero, shekara guda bayan dawowata. Da safe ta cika, kafin rana ta take an kai ta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan Yaya Mamman, aka fara zaman makoki. Ka san yadda ake yi. Mutum ya zo, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya yi wa masu rashi gaisuwar haƙuri, ya roƙa wa mamaci rahama, a shafa, ya ɗan zauna shiru, ya tashi ya ba wani wuri. Ba a son dogon zance. Shirun nan shi ne abin da aka kawo.

Mutane suka yi ta zuwa, daga Garu, daga Amarawa, abokan fataucin Yaya daga Ƙonni, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Ni ina gefe, kuma bari in faɗa maka gaskiya, ba Inna nake tunani ba. Kawuna nake dubawa. Shekara guda ina wa mutum huɗu magana, yau ga tabarmi cike har bakin hanya. Baturen da ya koya mini ya ce kada in bar taro ya watse ban faɗi bishara ba. Ba na ɗora masa laifi, shi bai taɓa zama a makokinmu ba, ni da aka haifa a nan ni ya kamata in sani. Na miƙe tsaye. Fararen takalman nan suna ƙafata, a kan tabarmar mutane.

Na yi magana a kan mutuwa da hisabi da hanya. Ba wanda ya katse ni, kawai kawuna suka sunkuya, ni kuma na ɗauka nasara ce. Da na tsaya shan iska, sai Yaya Mamman ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma muryarsa a kwance take.

“Abdu, tunda kai kas san hanya, hwaɗa muna. Inna, ina take yanzu?”

Shekaru na yi kafin in gane ƙofa ce ya buɗe mini. So yake in ce Allah ne masani, in zauna, a rufe maganar, a ce zafin rashi ne ya taɓa ni. Amma ni a lokacin ina jin duk tambayar da aka yi wa mai wa'azi dole ya amsa ta, in ba haka ba ya ji kunyar Ubangijinsa. Na ba shi amsa irin ta ɗalibin da ya haddace darasi. Ba zan rubuta kalmomin ba. Na yanke wa uwata hukunci a gaban mutanen da suka dawo daga binne ta, ƙasar kabarinta ba ta bushe a hannunsu ba.

Wani tsohon malami ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Yaya Mamman ya tashi a hankali ya zo gabana, ya ce, “Ɗaga ƙahwakka.” Na ɗaga. Ya janye tabarmar daga ƙarƙashina, ya naɗe ta, ya saɓa a kafaɗa ya shiga gida. Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan tsawon shekarun nan. Na tsaya a kan ƙasa tsirara, daga baya na kama hanyar gida, ban sake komawa zaman ba.

Kada ka fahimce ni a karkace, ɗana. Ban bar bangaskiyata ba, a kanta zan mutu. Amma an aike mu mu faɗi albishir ne, ba a ba mu mabuɗin kowane ɗaki ba. Ban san abin da ya wuce tsakanin Inna da Mahaliccinta a numfashinta na ƙarshe ba, kuma wanda ya fi ni jinƙai shi ke riƙe da ita. Za a yi maka irin wannan tambaya, wata uwa za ta yi maka ita a kan jaririnta, wani tsoho a kan matarsa. Ka koyi cewa “ban sani ba” tun yanzu, ka maimaita ta kamar yadda kake maimaita ayoyinka. In Malam Yakubu ya tafi da kai gidan rasuwa, na Kirista ne ko na Musulmi ko na masu gargajiya, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka zauna inda aka nuna maka, ka bar Littafin a cikin jaka.

Akwai kuskuren da ya fi wannan daɗewa, shi ne wanda na yi bayan nan. Na gaya wa kaina tsanani nake sha saboda bangaskiya. Abin da daɗi, Tanko, ba ka san daɗinsa ba. In na gaishe da Yaya Mamman a kasuwa ya kau da kai yana duban kunnen jakinsa, sai in dawo gida ina jin kaina cikin sahun waɗanda aka ƙi saboda gaskiya. Har wa'azi na yi a kan haka. Alhali kuwa duk babbar salla sai cinyar rago ta shigo gidanmu, a ce a ba matar Abdu da 'ya'yanta. Shekarar da fara ta cinye gonaki, dammunan gero muka tarar a zaure, ba wanda ya ce ga mai aikowa. Mutumin da ke ƙin addininka ba ya ciyar da 'ya'yanka. Rashin kunyata Yaya ya ƙi, ni kuma na ɗinka wa abin riga mai kyau na sa masa. In mutane suka juya maka baya a wurin aikinka, kafin ka ce don Almasihu ne, ka je ka tambayi Malam Yakubu ko don halinka ne. Ka roƙe shi ya faɗa maka ba tare da ya tausasa ba.

Sau da yawa in na zo nan na jingina da itace, gyangyaɗin rana yakan ɗauke ni, sai in ga Inna a ɗaya gaɓar tana wanke ƙore. Hasken ruwa yana wasa a bayanta, ina jin ƙarar ƙoren suna haɗuwa, har ƙamshin daddawa yakan iso ni. In yi ta kira, muryar nan tawa da nake taƙama da ita ba ta ƙetare ruwan. Ba ta taɓa juyowa ba, amma ban taɓa ganin alamar fushi a kafaɗunta ba, aikinta kawai take yi. Nakan farka in tarar da rana ta matsa, inuwa ta bar ni.

Ranar da na raka ka hanyar Sakkwato, na tsaya har ƙurar ayarinku ta kwanta. Ina ta tunanin ga shi na tura yaro ya koyi zama a ƙarƙashin wani, ni da furfura ban taɓa zama a ƙarƙashin kowa ba. Da na juyo, ƙafafuna ba su kai ni gida ba, ƙofar Baffanka suka kai ni. Na tuɓe takalmi a waje, na shiga zaure na zauna a ƙasa. Ban yi sallama da ƙarfi ba, ban aika a ce na zo ba. Masu dubiya suna shiga suna fita suna kallona. Da la'asar na tashi na tafi. Washegari na koma, matarsa ta turo mini ruwa a moɗa. Rana ta uku da hantsi, ta leƙo ta ce, “Shiga, yana kiranka.”

Ya rame, Tanko, har na so in kasa gane shi. Yana jingine da bango, an tokare shi da matashi. Ka san halina, tun a hanya na shirya jawabin neman gafara, mai kai uku, kowane kai da misalinsa. Da na durƙusa a gabansa duk ya watse, ko kalma ɗaya ban samu ba. Ina jin kaji suna tono a tsakar gida. Can sai na ji bakina ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa shekara ashirin da biyu da suka wuce.

“Yaya, ina hanƙuri? Hanƙurin Inna.”

Ya daɗe yana kallona.

“Da godiya,” ya ce. Ya numfasa, ya miƙo hannu ya dafa kaina kamar yadda yake yi ina yaro. “Kai hwa, Abdu, ina hanƙuri? Kai ma uwakka ta.”

Sai a lokacin na tuna ba wanda ya taɓa yi mini gaisuwar Inna. Na tashi daga makokinta tun ranar farko, ban zauna an gaishe ni ba, ban yi mata kuka ba, ina can ina zama mai gaskiya. Na kifa kaina a gefen gadonsa na yi kukan da ban yi ba, da ƙarfi, har matan gida suka taru a bakin ƙofa. Bai hana ni ba. Da na lafa ya ce, “Ashe bakin ga naka ya iya yin shiru. Kwana ukku a zaure, na ce ko wani na aka musanya muna.”

Kullum yanzu ina zuwa in zauna da shi. Ba na jin zai ga ƙarshen damina, shi ma ya sani. Ya tambaye ni kai, na gaya masa abin da ka tafi koya. Sai ya ce in rubuta maka wannan yadda ya faɗa: “Ka ce ma yaron ga shi yi karatunai da kyau. In ya samu hutu ina da rai, shi zo shi gaishe ni. In ya iske an kai ni, shi zamna bisa tabarma tare da ɗiyana a gaishe shi, don shi ma ubanai na yar rasa.”

Ka roƙi Malam Yakubu izini in ya ga da hali. In ya ce ka tsaya, ka tsaya, ni zan riƙe maka wurinka.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka, ya tsare ka a hanya da masauki, ya ba ka lafiyar jiki da kunnen ji, ya sa albarka a hannun wanda ke koya maka. Ya dawo mana da kai lafiya, kan lokaci.

Ni ne mahaifinka,
Dauda, wanda Baffanka ke kira Abdu